Layukan Kawu Fikri

Shubra, Alƙahira
Oktoba, 2004

Yaya Amgad,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, zafin hamada kuma ya fara sauka. Mu nan lafiya lau. Medhat yana gaishe ka, ya ce ka daina aiko wa surukinka riguna masu girman tanti. Baba ma yana gaishe ka. Ya ɗan kwanta asibiti a watan jiya, jininsa ne ya hau, amma an sallame shi. Na dawo da shi wurinmu don kada ya zauna shi kaɗai. Hannunsa na dama ya yi ɗan nauyi, likita ya ce a bi shi a hankali.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Juma'a bayan masallaci aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe na ga maza uku, duk sa'o'inka, kowanne rungume da leda kamar mai ɗauke da jariri. Mai ƙibar cikinsu ya ce, "Madam, don Allah nan Kawu Fikri yake?"

Na ce, "Kawun wa?"

Medhat ya matso bayana ya raɗa mini, "Babanki yana da wasu 'ya'yan a waje ne ba mu sani ba?"

Ashe masu karanta Koren Allo ne, mujallar kwamfutar nan da Baba ya riƙa rubuta wa layukan wasanni da sunan Kawu Fikri, yara su kwafa su buga a gida. Mai ƙibar sunansa Dokta Wagdi, yana da kantin magani a Tanta. Wai suna da dandali a intanet inda suke taruwa suna hirar mujallar, kuma sun daɗe suna neman marubutanta ɗaya bayan ɗaya. Ni ina ƙarama aka rufe ta, abin da nake tunawa kawai kukan kaset ɗin kwamfutar Baba da ke hana ni barci. Ban san akwai manyan mutane masu gemu da iyali da suka haddace shafin Baba ba.

Da suka shiga ɗakin suka gan shi a kujera, Dokta Wagdi ya durƙusa ya sumbaci hannunsa. Ya ce, "Ustaz, kai ka kashe mini idanu. Wannan gilashin alhakinka ne." Ya zaro fitowar da ke da wasan nan mai kwalekwale da lemu, takardar ta yi rawaya, gefen shafin duk tabon shayi. Wani cikinsu ya tuna masa wasan jakin da aka manta layi ɗaya a wurin ɗab'i, jakin ya riƙa tafiya da baya har ya fita daga talabijin. Ya ce wata guda ya yi yana zaton shi ne daƙiƙi, har gyara ya fito a fitowa ta gaba.

Sun ba mu labarin sauran. Ka san Madam Sifiri, mai amsa wasiƙun yara, wadda duk suka yi mafarkin aurenta? Namiji ne mai gashin baki, Ustaz Lotfi, ya rasu tuni. Mai zana bangon mujallar yana tuƙa tasi a Giza. Editan ya tafi Kanada ba a ƙara jin duriyarsa ba.

Baba bai yi magana sosai ba, amma hawaye ya zubo masa. Hasken la'asar ya faɗo a kan furfurarsa, mutanen nan uku suna zaune a ƙasa gabansa. Wallahi da a littafi na karanta da na ce marubuciyar ta ƙara gishiri. Sun ce za su riƙa zuwa duk Juma'a.

Na ba Abu Ragab direba cuku da halawa ya kawo maka tare da wannan.

Ƙanwarka,
Nermin

*

Sansanin aiki, kudancin Libiya
Nuwamba, 2004

Nermin, uwar littattafan aljihu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ban da yashi da ya zama cefanenmu. Cukun ya iso, halawar kuma Abu Ragab ya rantse narkewa ta yi. Ki gai da Medhat, ki ce masa rigunan daidai suke, shi ne bai cika su ba.

Na karanta wasiƙarki sau da yawa. Jakin nan ni na fara ganin ya yi baya, a gida, kuma an gyara shi kafin a kai ɗab'i, can ne suka sake zubar da layin. Mutanenki ba su san yadda ake aikin ba. Duk wasan da zai fita a mujalla sai an gwada shi a ɗakin Baba ranar Juma'a. Shi ya riƙe takarda yana karantawa, ni ina bugawa a kwamfuta. Layin farko lambarsa goma, na biyu ashirin, haka har hannuna ya sage. In na gama layi ya ce, "Gaba." In na yi kuskure ya ɗan make ni a ƙeya. Su sun sami shafi mai hoto da barkwanci, ni na sami ƙeya. Yara ɗari suna rubuto masa a wata yana amsa musu da "ɗana", ni da ke zaune kusa da gwiwarsa sunana "kai, kula da waƙafi". Duk da haka in da za a mayar da ni wata Juma'a cikin waɗancan, da na ba da wannan hamadar da bututunta duka.

Yanzu ki ajiye hasken la'asar ki saurare ni. Na shiga gari sau ɗaya na kira gida, Medhat ya ce Baba yana barci. Da rana tsaka. Mutumin da yake cewa barcin rana na ma'aikatan gwamnati ne. Na san mu, na san yadda muke yi wa wanda ke nesa. A nan akwai wani ɗan Asyut da ya yi wata huɗu yana aika wa uwarsa mayafi tana kabari.

Kwantiragina zai ƙare a Janairu. Sun ba ni wata shekara, wadda babu hutu a cikinta sai ƙarshe, kuma suna son amsa kafin Disamba ya fita. In Baba yana lafiya zan sa hannu, in gama haɗa gidan nan da na fara. In ba ya lafiya zan tattara in dawo, babu wani lissafi.

Ba zan tambaye ki ba, don za ki ba ni labari mai daɗi. Ga abin da nake so. Lokacin da nake yaro, duk ranar haihuwata Baba yakan rubuta mini ɗan gajeren wasa. Ki ce ina son ɗaya. Tunda hannun ya yi nauyi, ya faɗa ke ki rubuta. Injiniyanmu yana da wata manhaja da ke mayar da kwamfutar ofis irin tsohuwar tamu. Zan buga layukan. In wasan ya tashi, na san kan Baba da bakinsa suna nan. Wannan abu ne da ba za ki iya ƙawata shi ba.

Yayanki,
Amgad

*

Shubra
Nuwamba, 2004

Goggo Enayat,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina fata gwiwar ta yi sauƙi, sanyin Sohag kuma bai tsananta ba. Ke kaɗai ce 'yar'uwar Baba da ta rage, ke kaɗai zan iya rubuta wa ba tare da na zaɓi kalmomi ba.

Jikin bai yi kyau ba. Ɓarin dama duk ya shanye, ni nake ba shi abinci a baki. Yana jin komai, yana gane kowa, amma magana ta tafi. Kalmomi kaɗan suka rage masa, cikinsu har da sunan Amgad. Likita ya ja Medhat gefe ya ce zuciyar ma ta gaji, in abin ya sake dawowa kada mu sa rai. Duk lokacin da aka taɓa ƙofa sai Baba ya juya kai da ƙyar ya zuba mata ido har a shigo, sannan ya mayar da kansa.

Na haɗo miki wasiƙar Yaya ki gani da idonki. Na karanta wa Baba ita ranar Juma'a, Dokta Wagdi mai kantin maganin nan yana zaune. Da na kai wurin wasan, Baba ya yi mini alama in kawo takarda. Na kawo, na zauna. Ya ce, "Goma." Muka jira. Bakinsa yana motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa. Ya sake cewa, "Goma." Bai wuce nan ba. Na tashi na shiga kicin na buɗe famfo don kada su ji ni.

Dokta Wagdi ya biyo ni har bakin ƙofar kicin. Ya ce, "Madam Nermin, ni zan iya rubutawa. A shafinsa na koya. Na san yana sa wa komai sunan abinci, na san inda yake ɓoye barkwanci, na san da abin da yake rufewa. Ko shi da kansa ba zai bambance ba."

Na ce, "Dokta, Yaya fa gaskiya yake nema."

Ya ce, "Ni ba na so a ce Kawu Fikri ya kasa layi goma. Ko ɗansa ne, ba na so ya ji haka."

Medhat ya ce ruwana ne, amma ya tuna mini cewa maganin Baba daga aljihun Yaya yake fitowa. Goggo, a littattafan da nake karantawa ɗan yakan iso a shafin ƙarshe ya riƙe hannun uban. Ban taɓa lura da wanda ya aika masa ya zo ba. Ki faɗa mini abin da zan yi.

'Yarki,
Nermin

*

Sohag
Nuwamba, 2004

Nermin 'yata,

Gwiwa tana nan yadda kika san ta. Allah ya ba ɗan'uwana lafiya, ya saka miki da kika ɗauke shi.

Ba a aika wa matafiyi baƙin labari. Ba ni na fara ba, ba ke za ki ƙare ba. Lokacin da kakanku ya rasu Fikri yana aikin soja, ba wanda ya gaya masa sai da ya shigo gida ya ga uwarmu cikin baƙi. Bai taɓa zargin kowa ba. Yaron nan yana aiki cikin ƙarafa da injuna, ki jefa masa wannan a ka ya je ya sa hannu inda bai kamata ba, sai ki yi jinyar mutum biyu. In ya dawo kuma me zai yi, ya zauna ya tasa ubansa a gaba suna kallon juna, ba aiki ba gida?

Likitoci sun yanke wa mijina wata biyu ya yi shekara shida yana zagina. Rai ba a hannunsu yake ba. Ki bar mai maganin ya rubuta abinsa. Ki rage karance-karancen nan, suna sa ki kuka.

Goggonki,
Enayat

*

Shubra
Disamba, 2004

Yaya Amgad,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an fara ruwa, bangon bayi ya sake jiƙewa. Baba yana cin abinci, yana son miyar molokiya in na dama ta da ruwa-ruwa.

Ga layukan a takarda ta biyu, da rubutuna. Na kwafe su a hankali, na duba kowane waƙafi saboda ƙeyata. An karanta su duka a gaban Baba, ya saurara daga farko har ƙarshe.

Yaya, ka karanta wannan wasiƙar kamar yadda kake karanta layukan, kada ka tsallake komai. Baba yana yini a kujerar da ke fuskantar ƙofa. Duk wanda ya ƙwanƙwasa sai ya zuba wa ƙofar ido har a buɗe. Shekara tana da tsawo. Gida kuma ana iya gama shi ko yaushe.

Ƙanwarka,
Nermin

*

Sansanin aiki
Disamba, 2004

Nermin,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, yau ma na fi kullum. Ki sumbaci kan Baba.

Wasan ya tashi. Tun bugun farko ya tashi, babu kuskure ko ɗaya, ashe kina da amfani. Ɗan mutum ne ɗauke da tiren shayi yana ƙetare titin Shubra, motoci suna zuwa ta ko'ina, in aka buge shi sai mai shagon shayin ya zare masa kuɗin kofi. Ya sa wa motocin suna wake, ya sa wa makin suna tahina. Da na faɗi sai allon ya rubuta, "Ya isa haka, tashi ka yi aikin makaranta." Na yi dariya har injiniyan ya leƙo, sannan na fita bayan janareta na daɗe ban dawo ba. Yanzu rabin sansanin suna layi a kansa, mai dafa mana abinci ne ke kan gaba.

Tsohon nan bai rasa komai ba. Mutumin da zai tsara wannan a ka, ya faɗa a rubuta, zai binne mu duka. Ki yafe mini zargin da na yi.

Na gane maganarki ta ƙofa. Baba ya sake samun masu tafa masa, yana ƙirga kwanaki Juma'a ta zo. Da can sai in ji haushi, yanzu ban ji ba. Su zo, su kawo ledojinsu, su sumbaci hannu. Su suna da mujalla duka, amma wannan wasan babu shi a kowace fitowa. Nawa ne ni kaɗai. Ki karanta masa wannan wurin da ƙarfi.

Kin ce shekara tana da tsawo. Na sani, ni ma ina kewarku, amma ke kullum a littafi kike. Na sa hannu jiya. In Allah ya kai mu baɗi war haka ina nan zaune kusa da gwiwarsa, ya karanta in buga.

Yayanki,
Amgad

*

Shubra
Janairu, 2005

Yaya,

Muna gaishe ka. Baba ba shi da lafiya, tun watan Satumba ba shi da ita. Ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya magana. Ba shi ya rubuta wasan ba. Ka je wurin manajanku ka nuna masa wannan. Ka zo.

Nermin

*

Shubra
Fabrairu, 2005

Yaya Amgad,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ni da Medhat lafiyarmu ƙalau. Ka zauna kafin ka ci gaba, in kana kusa da inji ka matsa.

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, a kujerarsa, ina gyara masa bargo. Bai sha wahala a ƙarshen ba. An binne shi kusa da Mama.

Za ka sami wasiƙu biyu tare. Gajeriyar na kai wa Abu Ragab tun watan jiya, sai jiya na ji matarsa ta haihu ya ɗage tafiyarsa, wasiƙar tana nan cikin jakarsa. Na kira ofishinku na gari sau biyu, wanda ya ɗauka ya ce zai isar in mota ta shiga sansani. Ban sani ba ko ya isar. Goggo Enayat ta zo, ta ce tunda abin ya riga ya faru a bar ka ka gama shekararka cikin kwanciyar rai, in ci gaba da rubuta maka cewa yana gaishe ka. Na ce mata hannuna ba zai iya ba. Ba ta yi mini magana ba har ta koma.

Dokta Wagdi ne ya rubuta wasan. Ni na kwafa, kuma ni na sa a ambulan.

Na karanta wa Baba wasiƙarka, da ƙarfi kamar yadda ka ce. Juma'a ce, suna nan su uku. Da na kai wurin wake da tahina sai ɓarin bakinsa mai motsi ya ɗaga, ina jin dariya ce. Da na kai inda ka ce naka ne kai kaɗai, Dokta Wagdi ya tashi ya fita baranda. Na so in tsaya a nan. Baba ya buga hannun kujera da hagunsa, na ci gaba, na karanta cewa ka sa hannu. Ya daɗe yana kallon takardar a hannuna. Washegari da na zo zaunar da shi ya yi mini alama in juya kujerar ta fuskanci taga. Daga ranar ko an ƙwanƙwasa ba ya waiwayawa.

Mutanensa sun zo jana'iza, ban san suna da yawa haka ba. Daga Tanta, daga Iskandariya, daga Suwes, har wani ya hawo jirgin ƙasa daga Aswan. Mai zanen bangon nan ya zo da tasinsa ya yi ta jigilar mutane bai karɓi ko sisi ba. Medhat ya ce a wajen ɗaukar makara sai da ya yi kokawa kafin ya sami gefe. A rumfar ta'aziyya Medhat ya tsaya a bakin shiga shi kaɗai, sai Dokta Wagdi ya zo ya tsaya kusa da shi don kada layin masu karɓar gaisuwa ya zama mutum ɗaya. Tsofaffin unguwa da idonsu ya yi rauni suka riƙa kama hannun Doktan suna cewa, "Sannu Amgad, ka yi ƙiba a Libiya." Na farko ya gyara masa, na biyu ma. Daga baya ya gaji ya riƙa amsawa da amin.

Bayan kwana uku Dokta Wagdi ya zo gida bai yarda ya shigo ba. Ya tsaya a matakala ya ce, "Madam, ki ba ni adireshinsa in rubuta masa da kaina." Na ce sai na tambaye ka. Ya kuma ce su na dandalin suna roƙon akwatunan Baba, mujallun da kaset-kaset ɗin da tsohuwar kwamfutar, za su ɗauki hoton kowane shafi su ajiye don kada su ɓace. Na ce masa kayan suna da mai su, yana Libiya. Na rufe ɗakin na cire makullin.

Ba na neman ka amsa mini da wuri, ko ka amsa ma. In ka ga dama ka rubuta wa Medhat abin da za a yi da akwatunan.

Kada ka fasa kwantiragin saboda wannan wasiƙar, za su riƙe maka haƙƙinka a banza. Ka gama shekararka. Babu abin sauri yanzu.

Ƙanwarka,
Nermin